KIRANYEN MOTOCIN FASINJA: WANDA YA SAN AIBI SHI KE ƊAUKE DA ALHAKI

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, duk wanda ya saba shiga motar haya ya san iyakar binciken da fasinja yake iya yi kafin ya zauna. Yakan dubi tayoyi, ya dubi fuskar direba ko akwai alamar barci a tare da shi, ya dubi yawan lodin da aka ɗaure a baya, daga nan sai ya yi bisimilla ya shiga. Amma a ƙarƙashin kujerar da ya zauna a kai, da bayan allon da ke gaban direba, da cikin rufin da ke bisa kansa, akwai tarin wayoyin lantarki waɗanda bai taɓa ganinsu ba, kuma ko da an buɗe masa su ba zai iya bambance mai lafiya da maras lafiya ba. Ransa yana rataye da waɗannan wayoyi tun daga tasha har zuwa masauki, alhali ba shi da iko a kansu ko na ƙwayar zarra.

Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa abu ɗaya ne. Tun da fasinja ba ya gani, to alhakin aibin da ke ɓoye cikin mota yana wuyan wanda ya san da shi, ko wanda yake da hanyar sani ya ƙi nema. Za mu kafa hujja da tsarin da ake bi a ƙasar Amurka na mayar da motoci masu aibi domin gyara, saboda can ne wannan tsari ya fi daɗewa da faɗi, kuma daga can ne motoci masu yawa da muke hawa suke fitowa.

MENE NE KIRANYE?

Mun saba jin kalmar kiranye a bakin 'yan siyasa, wato jama'a su dawo da wakilinsu gida idan ya gaza. A sha'anin motoci ma ma'anar ba ta yi nisa da haka ba. Kamfanin da ya ƙera mota ne yake shelanta cewa ya gano aibi mai haɗari a cikin wani rukuni na motocin da ya sayar, ya nemi masu su su kawo a gyara.

Wannan tsari bai samu don kirkin kamfanoni ba, doka ce ta tilasta shi. A 1965 wani lauya mai suna Ralph Nader ya wallafa littafin da ya tona sakacin masu ƙera motoci game da rayukan mutane, a 1966 kuma Shugaba Lyndon Johnson ya sanya hannu a dokar kiyaye lafiyar motoci. A 1970 aka kafa hukumar da ake kira NHTSA a taƙaice, wadda take lura da wannan aiki har yau. A 1974 aka ƙara wa dokar sharaɗin cewa gyaran ya kasance kyauta.

Ƙa'idar a fili take. Idan kamfani ya tabbatar da aibi mai haɗari, yana da kwana 5 na aiki ya sanar da hukuma, kuma cikin kwana 60 ya aika wa masu motocin wasiƙa bisa adireshin da ke cikin rajista. Wasiƙar za ta faɗi aibin, da haɗarinsa, da inda za a kai motar. Kamfani zai gyara, ko ya musanya motar, ko ya mayar da kuɗi bayan an cire gwargwadon tsufanta. Wajibcin gyara kyauta yana kan motar da ba ta wuce shekara 15 da sayarwar farko ba. Bayan haka kamfanin zai riƙa kai wa hukuma rahoton yawan motocin da aka gyara.

Wanda ya karanci fikihun ciniki ba zai ji wannan baƙo ba. Malamai sun daɗe da tabbatar da cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, ɓoye shi algus ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa idan tsohon aibi ya bayyana bayan ciniki. Abin da tsarin kiranye ya ƙara shi ne ya ɗora wa mai ƙira nauyin bin sawun hajarsa shekaru bayan ta bar hannunsa, maimakon ya zauna yana jiran wanda ya cutu ya kawo ƙara.

YADDA WAYA TAKE ZAMA GOBARA

Wani zai ce, batirin mota ai ba ya jan mutum, yaya za a yi ya ƙone safa guda? Gaskiya ne ƙarfinsa bolt 12 ne a ƙananan motoci, 24 a manya da yawa. Sai dai batirin da yake iya juya inji yana iya tura wuta mai yawan gaske a lokaci guda idan ya samu gajeriyar hanya. Jikin motar kansa, wato ƙarfenta, shi ne hanyar da wuta take komawa batir. Saboda haka da zarar robar da ta lulluɓe waya ta goge, tagullar da ke ciki ta taɓa ƙarfe, sai wuta ta kwarara ba ƙaidi, wayar ta yi ja, robar ta narke, abin da ke kusa ya kama.

Abubuwan da suke kawo haka sanannu ne. Akwai wayar da aka bi da ita ta gefen ƙarfe mai kaifi ba tare da robar kariya ba, girgizar hanya ta yi ta gugarta wata da watanni. Akwai wadda aka bi da ita kusa da salansa ko inji, zafi ya busar da robarta ta tsattsage. Akwai mahaɗin da ba a ɗaure shi tamau ba, yana ɗumi a hankali. Akwai siririyar waya da aka ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Akwai kuma ruwa ko mai da yake shiga mahaɗi ya sa tsatsa.

Mai gadin wannan duka shi ne fis. An yi shi ne don ya tsinke kafin waya ta ƙone, wato ya mutu domin motar ta tsira. Idan babu fis a kan layi, ko an sa wanda ya fi ƙarfin wayar, to wayar ce za ta ƙone a madadinsa.

Haɗarin ya fi muni a motar fasinja saboda dalilan da kowa yake gani. Mutane suna da yawa, ƙofa ɗaya ce ko biyu, kujeru soso ne da leda, hayaƙinsu yana shaƙe mutum tun kafin harshen wuta ya iso shi. Idan kuma ƙofar da lantarki take buɗewa, to aibin da ya tayar da wutar yana iya zama shi ne zai hana ta buɗuwa.

DARASIN KAMFANIN FORD

Daga cikin kiranye mafi girma da aka yi a kan haɗarin gobarar lantarki akwai na kamfanin Ford, wanda ya fara a 1999 aka yi ta faɗaɗa shi har 2009. Asalin matsalar wani ɗan makunni ne da bai kai babban yatsa biyu ba. Aikinsa shi ne kashe na'urar da take riƙe gudun mota a mizani ɗaya idan direba ya taka birki. An dasa shi a jikin famfon birki, inda wani siririn shamaki ne kaɗai ya raba man birki da ɓangaren lantarki. Idan shamakin ya gaji, mai ya tsiyaya ciki, sai tsatsa ta kama, zafi ya taru.

Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne a yawancin motocin wuta tana zuwa wa wannan makunni dare da rana, ko an kashe inji an zare makulli. Saboda haka motoci suka riƙa kamawa da wuta suna ajiye a gareji, masu su suna barci, har gidaje suka ƙone. A Oktoba 2009 kaɗai kamfanin ya ƙara motoci miliyan 4.5, jimilla ta haura miliyan 14. A cikinsu akwai samfurin Econoline na 1992 zuwa 2003, wanda a Amurka ake ɗaukar fasinja da shi, kuma a kan shasinsa ake gina ƙananan motocin bas masu yawa.

To mene ne maganin? Ɗan guntun waya ne mai ɗauke da fis, wanda ake saƙalawa tsakanin makunnin da sauran wayoyi. Kafin kayan gyara su wadata, sai aka riƙa cire haɗin makunnin gaba ɗaya. Mai hankali ya auna ƙanƙantar wannan gyara da girman abin da rashinsa ya jawo. Ya kuma lura da cewa shekara 10 aka ɗauka ana faɗaɗa kiranyen kashi-kashi, kuma a tsawon wannan lokaci akwai mutanen da suke kwana kusa da motar da ba a kai ga sanya ta cikin jeri ba.

MOTAR DA HANNU BIYU SUKA ƘERA

Ƙananan motocin bas da suke jigila tsakanin filin jirgin sama da otal, ko suke kai tsofaffi da naƙasassu asibiti a Amurka, galibinsu ba kamfani ɗaya ne yake ƙera su ba. Babban kamfani kamar Ford yana yin shasi da inji da mazaunin direba. Sai wani kamfani na biyu, da yawansu suna jihar Indiyana, ya gina akwatin fasinja a kai. Shi ne zai jawo wayoyin fitilun ciki, da na ƙofa, da na na'urar sanyaya mota, da na na'urar ɗaga keken guragu, ya haɗa su da batirin da wani ya tsara.

A wannan mahaɗa ne ake yawan samun kuskure, kuma kiranyen wayoyi a irin waɗannan motoci sau da yawa a kan abubuwan da muka lissafa a baya yake: waya ba ta bi inda ya dace ba, ko fis bai dace da ita ba, ko mahaɗi bai ɗauru ba. Doka ba ta bar ƙofar nuna yatsa ba, kowane kamfani yana ɗauke da alhakin abin da hannunsa ya sa. A 2015 hukumar NHTSA ta ci tarar Forest River, ɗaya daga manyan masu gina irin waɗannan motoci, dala miliyan 35, miliyan 5 a biya nan take, sauran a jingine bisa sharaɗin gyara hali. Laifinsa shi ne rashin kai rahotannin da doka ta wajabta da kuma jinkirta kiranye.

Idan wannan yana faruwa a masana'antar da take da injiniyoyi da zane a rubuce, yaya ke nan motar da aka sauya a garejin bakin titi? A ranar 14 ga Oktoba 2025 wata safa ta kama da wuta a hanyar Jaisalmer zuwa Jodhpur a ƙasar Indiya, mutum fiye da 20 suka rasu. Rahotannin da suka biyo baya sun danganta wutar da haɗuwar waya, kuma sun nuna an ƙara wa motar na'urar sanyi ne daga baya, saɓanin yadda aka yi mata rajista. Irin wannan mota babu kamfanin da zai yi mata kiranye, domin babu wanda ya rubuta abin da aka yi mata.

SANI DA YIN SHIRU

Kada mai karatu ya zaci muna tsarkake kamfanonin Amurka. Tarihinsu cike yake da ɓoye aibi, kuma shi ya sa doka take ƙara tsanani. A 2014 kamfanin General Motors ya yi kiranyen ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6 saboda makunnin tayar da inji wanda yake iya juyawa da kansa ana cikin gudu, inji ya mutu, jakar iska ta ƙi buɗewa. Bincike ya nuna akwai ma'aikatan kamfanin da suka san da matsalar fiye da shekara 10. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124, kuma a 2015 ya biya gwamnati dala miliyan 900.

Ba mai ƙira kaɗai ne yake iya yin shiru ba. A 2004 wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, Raechel da Jacqueline Houck, suka rasu a jihar Kalifoniya cikin motar da suka ɗauka haya. Motar tana ƙarƙashin kiranye saboda haɗarin gobara, wasiƙa ta riga ta isa kamfanin hayar, amma aka ci gaba da bayar da ita ba a gyara ba. Mahaifiyarsu ta yi shekaru tana fafutika har aka yi doka da sunansu a 2015, wadda ta hana kamfanin haya mai motoci 35 ko fiye bayar da motar da ke ƙarƙashin kiranye sai an gyara ta. Ma'anar wannan doka ita ce, wanda yake karɓar kuɗi ya ɗora mutane a mota hukuncinsa ba ɗaya ba ne da wanda yake tuƙa kansa.

INDA WASIƘAR BA TA KAIWA

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Dokar tarayya a Amurka ba ta hana dillalin tsofaffin motoci sayar da motar da ba a yi mata gyaran kiranye ba. Irin waɗannan motoci suna shiga kasuwar gwanjo, a loda su a jirgin ruwa, su sauka Legas ko Kwatano, su wuce Kano da Kaduna da Maraɗi. Wasiƙar kiranye kuwa tana zuwa ne adireshin wanda ke cikin rajistar can. Motar ta ƙetare teku da aibinta, gargaɗin ya tsaya a akwatin gidan wayar wani wanda ya daɗe da rabuwa da ita.

Ga misali na kusa. Toyota Sienna mota ce da aka yi domin kasuwar Amurka, kuma yau tana cikin motocin da ake jigilar fasinja da su tsakanin garuruwan Nijeriya. A Nuwamba 2016 kamfanin Toyota ya yi kiranyen kimanin guda 744,000 ƙirar 2011 zuwa 2016. Dalili shi ne idan wani abu ya tokare ƙofar gefe mai buɗewa da lantarki, nauyi yakan yi wa layin yawa, fis ya tsinke, kuma idan hakan ya faru ƙofar ba ta kama sakata ba tana iya buɗewa ana cikin tafiya. Mai karatu ya tambayi kansa, cikin masu irin wannan mota a tashoshinmu nawa ne suka taɓa jin wannan labari?

Sa'an nan mu ƙara da namu. Fis ya tsinke a hanya, sai a naɗa masa zaren tagulla ko takardar sigari mai ƙyalli a ce an gyara. A jawo waya kai tsaye daga batir zuwa ƙarin fitila, ko lasifika, ko wurin cajin waya, ba fis ba kariya. A murɗe waya biyu da hannu a naɗe da leda. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi ne don ya cika ƙara.

UZURORI BIYU

Na farko, masu cewa yawan kiranye alama ce ta lalacewar motar, don haka gara kamfanin da ba a taɓa jin ya yi ba. Wannan fahimta a juye take. Babu masana'antar da take ƙera dubban motoci ba kuskure. Wanda ya fito ya faɗi aibinsa ya fi aminci a kan wanda ya yi shiru, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin tsoro shi ne kasuwar da ba a taɓa jin kowa ya amsa aibi a cikinta ba.

Na biyu, masu cewa gobara ƙaddara ce. Babu Musulmin da yake musun ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta taɓa zama hujjar kuɓutar da mai sakaci ba, in ba haka ba da ba a shar'anta diyya a kan kisan kuskure ba. Wanda ya ji warin ƙonewar roba tun jiya, ya ga fis yana tsinkewa sau uku a mako, ya cika mota da mata da yara ya ɗauki hanya, ba tawakkali ya yi ba, ganganci ya yi da rayukan da ba nasa ba.

Akwai kuma uzurin talauci, kuma ba mu raina shi. Direban da yake biyan balas kullum, yini ɗaya a gareji hasara ce babba gare shi. Sai dai kuɗin fis na ƙwarai da aikin mai wayarin da ya san aikinsa ba su kai kuɗin taya ɗaya ba, balle motar gaba ɗaya, balle rai. Kuma wannan nauyi a kan mai motar yake kafin direba.

ABIN DA YA WAJABA

Na ɗaya, mai shigo da mota da mai sayenta. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba da jikin ƙofa. Tun 2014 hukumar NHTSA ta buɗe shafi a intanet inda ake shigar da wannan lamba kyauta, a ga ko motar da aka sayar a Amurka tana da kiranyen da ba a gyara ba. Aikin minti biyu ne da wayar hannu. Ko da gyaran kyauta bai samu a nan ba, sanin inda aibin yake ya isa a kai wa makaniki ya duba. Dillalin da ya duba ya gani, wajibi ne ya faɗa wa mai saye.

Na biyu, masu motocin haya, da makarantu, da asibitoci, da ƙungiyoyin da suke da bas na ɗaukar ɗalibai ko jama'a. A sa ƙwararre ya bi wayoyin lokaci-lokaci, a cire duk haɗin da ba shi da fis, a ajiye abin kashe gobara mai aiki inda hannu zai kai, kada a toshe ƙofa da lodi. Fis ɗin da yake yawan tsinkewa gargaɗi yake yi, a nemi dalilinsa.

Na uku, masu wayarin mota. Sana'arku amana ce da ba a ganinta. Idan mai mota ya nemi ku yi haɗin gaggawa mai haɗari, ku gaya masa gaskiya ko da zai tafi wurin wani.

Na huɗu, shugabannin ƙungiyoyin direbobi a tasha, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa wadda aka kafa tun 1988, da hukumar kare haƙƙin masu saye. Yadda ake duba taya da takardu, haka ya kamata a duba akwatin fis na motar fasinja. Kuma ya dace a nemi wakilan kamfanonin motoci da ke ƙasar nan su riƙa shelar kiranye a rediyo da harsunan da direbobi suke ji, su faɗi abin da za su yi wa mai motar da ta shigo ta hannu na biyu.

Na biyar, kai fasinja. Idan ka ji warin ƙonewar roba ko ka ga hayaƙi daga gaban direba, yi magana a tsaya, kada kunya ta hana ka. A fitar da mutane nesa kafin a koma ta kan kaya.

Mutanen Amurka sai da suka binne 'ya'yansu kafin suka kai ga wannan tsari, kuma har yau bai cika ba. Mu an kawo mana darasin ba da kuɗinmu ba. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Duk wanda yake da mota mai ɗaukar mutane, ya fita yau ya karanta lambar shasinta, ya buɗe akwatin fis ɗinta ya gani da idonsa.

Allah Ya kiyaye mu da matafiyanmu, Ya sa mu zama masu riƙon amana a fili da ɓoye.